Dada Bara'atu, Malamar da Ba Ta Son Littafi Mai Tsafta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malama Bara'atu Buba a gidanta da ke Birnin Kudu, bayan jinyar da ba ta kai mako uku ba. Ta rasu tana da shekara sittin da takwas, ta bar 'ya'ya huɗu da jikoki goma sha ɗaya. Yaran da ke kiranta Dada kuwa, daga nan har Gwaram da Basirka, garin haihuwarta, ban san wanda zai iya ƙirga su ba.

Dada, ni ce Nasiha maƙwabciyarki, mai ɗinkin hula. Na zauna rubutun nan da shirin kuka, sai ga ni ina ta murmushi ni kaɗai, kuma laifinki ne. Duk inda na taɓo a rayuwarki sai in same ki riƙe da littafi mai hotuna, kin ware ido, yara sun buɗe baki suna jiran ki buɗe shafi na gaba.

Shekara talatin da biyar kika yi kina koyar da 'yan aji ɗaya a Gwaram. Da kika yi ritaya kika dawo unguwarmu, muka ɗauka hutawa kika zo yi. Ina! Ko wata ba a rufa ba kika shimfiɗa tabarmi uku a gindin mangwaron tsakar gidanki, kika aika gida-gida cewa duk Alhamis bayan la'asar, tunda ranar babu Islamiyya, a turo miki yara. Littattafan gwanjo ne kike sayowa daga Kano, yawancinsu da Turanci. Sai ki rubuta labarin da Hausa a farar takarda, ki yanka da almakashi, ki liƙe a kan Turancin da gam. Kuma ban taɓa ganin kin juya littafi wajenki ba. Hoto na yara ne, in ji ki, ke kuwa kya leƙo ta sama ki karanta shi a juye.

Ranar kasuwar Gwaram ba ta wuce ki. Kya ɗauki jakar littattafai ki shiga motar Ɗan'azumi direba, ki kai wa yaran tsofaffin ɗalibanki. Shi ya ba ni labarin ranar da wata yarinya ta dinga tsala kuka a motar, kika zaro littafin akuyar da ta bi uwargijiyarta kasuwa, kika fara. Yarinya ta yi tsit, mota ta yi tsit. Wani Alhaji mai sayar da hatsi har ya wuce inda zai sauka, ya ce a bar shi ya ji ko akuyar ta koma gida, ya dawo a babur. Duk lokacin da Ɗan'azumi ya ba da labarin nan sai ya buga sitiyari don dariya.

Sanina da ke na gaskiya da faɗa ya fara. Kin fara ba da aron littattafai a kai gida, kika ba 'yata Ummussalma ɗaya, lokacin tana da shekara biyar. Mu kuwa an rene mu a kan cewa abu mai rubutu ba a barinsa a ƙasa, kayan aro kuma ana mayar da shi yadda aka karɓo. Don haka na karɓe shi daga hannunta, na naɗe a leda, na sa a kabad bayan kwanukan jere. Bayan wata guda na kawo miki shi fes, ina jiran yabo. Kika buɗe, kika shinshina, kika dube ni ta saman tabarau.

"Nasiha, wannan littafin ƙamshin turaren wuta yake yi. Wa ya karanta shi?"

Na ce ai na adana shi ne don kada yara su ɓata. Sai kika jawo wani da ya dawo daga gidan Salihu mai niƙa, duk shatin manja, an ma tauna masa kusurwa, kika ɗaga shi da murna kamar an yi miki albishir. "Kin ga littafin da ya je gidan mutane aka karɓe shi hannu biyu! Naki kuwa kurkuku kika kai shi." Daga baya na ji ba ni kaɗai ba ce, rabin matan unguwa haka suka yi, kuma kowacce ta sha nata faɗan.

Sai dai ni akwai abin da na ɓoye a bayan ledar nan, kuma kin gane. A aji huɗu na bar firamare. Ina iya haɗa baƙi, amma da ƙyar, ina yi ina tuntuɓe. Babban tsorona a duniya shi ne 'yar da na haifa ta ji ni ina in'ina a kan kalmar da ita ta iya, ta daina ganina da girma. Ranar da na faɗa miki haka ban ga tausayi a fuskarki ba, kuma na gode da ban gani ba. Cewa kika yi in riƙa zuwa da hantsi da ɗinkina, lokacin yara suna makaranta. Kika koya mini in fara kallon hoto in faɗi abin da na gani, sannan in sauko kan rubutu. Ranar da na kai ƙarshen littafi ni kaɗai, guɗa kika yi, har 'yarki Hadijatu ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana tambayar wa ya haihu.

Shekara uku muna haka, amma ban taɓa yarda na karanta a gaban kowa ba in ba ke ba. A gida sai in ce wa Ummussalma ita ta karanta, ni idona na kan allura. Duk Alhamis kuma sai kin ce, "Nasiha, yau ke ce." Ni kuwa kullum sai in ce na bar tukunya a kan wuta. Alhamis ɗin ƙarshe da kika yi a duniya, kika sa aka fito da ke kan kujera, muryarki ba ta kai tabarma ta biyu. Kika miƙo mini littafin. Na ce, "Dada, bari dai ki warke." Sai kika ajiye shi a cinya, yara suka watse ba a yi karatu ba. Wannan abin ya tsaya mini a rai, kuma ina jin kunyarsa har yanzu.

Sadakar ukunki ta faɗo ranar Alhamis. Gida ya cika da mata, har da malaman da kuka yi aiki tare a Gwaram, sun cika mota guda. Ana idar da la'asar sai ga yara a bakin zaure, sun fi talatin, sun yi cirko-cirko. Manyan sun san abin da ya faru, ƙananan kuwa ranar suka sani, kuma ranar ta zo. Wata dattijuwa ta tashi za ta kore su, tana cewa nan gidan makoki ne. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na nemi izinin Hadijatu, ta shiga ɗakinki ta ɗauko mini littafin da kika miƙo mini na ƙi karɓa.

Dada, na karanta! A gaban malaman makaranta, da matan unguwa, da yara talatin, na juya musu hoton na fara. A shafi na huɗu na maƙale a kan wata doguwar kalma, na gwada sau biyu ta ƙi. Sai na ji an faɗe ta a hankali daga gefena. Ummussalma ce. Abin da na shekara uku ina gudu ke nan, ga shi ya faru a bainar jama'a. Na dube ta, ita ko a jikinta, ta ma ƙara matsowa ta jingina da kafaɗata ta ce, "Umma, ci gaba, wajen nan ya fi daɗi." Na ci gaba har ƙarshe. Kafin yaran su tashi, Hadijatu ta share hawaye ta gaya musu su dawo Alhamis mai zuwa, ni kuma na ce za su same ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hadijatu da ƙannenta uku, da jikoki, da dangi na Basirka, da abokan aikin Dada na Gwaram, da duk gidan da littafinta ya taɓa shiga. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Bara'atu, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka sanya duk harafin da wani yaro ya iya ta dalilinta a mizaninta. Ka ba ta littafinta a hannun dama, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Mu kuma idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.