Layin da Na Rufe wa Saje Isiyaku

Ni ne na yi laifin, gara in faɗa muku tun daga farko. Ban taɓa mantawa da ranar da na tsaya a Kuala Lumpur ina kallo ana shirin korar wani saboda abin da hannuna ya aikata ba.

Lokacin ina Sitaf Saje, kwamandan tankar yaƙi. An tura mu kwas, mu kaɗan daga gida, a wata makarantar soja da ke gefen birnin. Abin da ake koyarwa shi ne yadda tanka da sojan ƙafa za su yi aiki tare a fili irin na hamada. Malesiya ba ta da hamada, sai daji da ruwan sama, don haka a cikin ɗaki ake yaƙin. Akwai akwatin ƙarfe da aka ƙera kamar cikin tanka, da allo a gabanka yana nuna yashi da tuddai. Sojan ƙafa suna wani ɗakin da nasu allunan. Oba-oba kaɗai ta haɗa ku.

Ga wanda bai san aikin ba, mai tanka kusan makaho ne. Ta ɗan gilashi yake leƙe, ƙurar motarsa kuma ta rufe sauran. Sojan ƙafa su ne idonsa, su ke hango mai roka da ya laɓe bayan tudu. Shi kuma garkuwarsu ne, domin a hamada ba bishiya ba bango, in motar ta wuce ta bar su sun zama abin harbi. Shi ya sa kwamanda ke da layi biyu a kunne, ɗaya na manyansa, ɗaya na mutanen da ke bin motarsa a ƙasa. Doka ta ce duka biyun su zauna a buɗe.

Amma mu 'yan sulke, wato masu tanka, muna da wata ɗabi'a da ba a koyar da ita a aji. In abu ya yi zafi sai mu rage layin 'yan ƙafa, wai haki da surutunsu na hana mu jin umarni. Haka na gani wajen manyana, haka na tashi ina yi.

Ranar jarrabawa aka haɗa ni da Saje Isiyaku, mutumin Gumel, wanda ya daɗe a fagen daga amma Turancinsa kaɗan ne. Aikinmu mu kama wata rijiya da ke bayan dogon tudu. Muna dosar tudun sai Kyaftin ɗin da ke jagorantarmu ya fara ba da umarni ta layin sama, Isiyaku kuma yana magana ta na ƙasa. Ban yi wani tunani ba, na kai hannu na murɗe layinsa gaba ɗaya, na ce wa direba ya ƙara wuta. Muna hawa tudun allona ya yi ja. Roka ta same mu ta gefe. Mutanen Isiyaku da na bari a fili, na'urar ta lissafa su duk matattu.

Kafin in fito daga akwatin, na mayar da maɓallin inda yake.

Mai kula da kwas ɗin wani Manjo ne ɗan ƙasar, mutum mai sanyin murya. Ya tara mu a aji, ya tambayi Isiyaku me ya sa bai gargaɗi tankar ba, alhali allonsa ya nuna masa mai rokar. Isiyaku ya miƙe ya ce ya kira, ya sake kira. Manjo ya juyo wajena.

"Sitaf, ka ji shi?"

"Ban ji komai ba, yallaɓai."

Gaskiya na faɗa, kuma na san abin da take rufewa. Aka duba oba-obar, lafiyarta lau. Na'urar tana ajiye hoton fili, amma ba ta ajiye murya. Sai ya zama maganata da tasa, ni kuwa na girme shi a muƙami, kuma na fi shi iya bayani. Manjo ya ce faɗuwa a atisaye ba abin kora ba ne, amma wanda ya yi ƙarya don ya rufe kuskurensa ba ya gama wannan kwas. Kwamiti zai zauna ranar Litinin. In aka kore shi, rahoton zai bi shi har gida, ƙarin girma kuma ya tafi.

Juma'a ce. A masallaci ban san me liman ya karanta ba. Duk wanda ya kira sunana sai in kau da kai. Ina ta gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba, wataƙila ma kwamitin ya yi masa sassauci. Can kuma in tuna cewa in na buɗe baki, ni za a sa a jirgi.

Ranar Asabar Isiyaku ya ƙwanƙwasa ƙofata.

"Oga, raka ni Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin nan na 'yan yadi. In sayo wa uwargida yadi tun ba a tattara min kaya ba."

Na so in ce kaina na ciwo, amma na kasa. Muka shiga shagunan yadi, yana ta ɗaga wannan yana ajiye wancan, yana ce wa mai shago "boleh, boleh", wato "to, to" a yarensu, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

"Oga, kai da ka yi boko, kore ko ruwan ƙasa?"

"Duk suna da kyau."

"Haba, ko wannan ma ba ka ji ba?"

Ya yi dariya, ni na kasa. Muka zauna a wani mamak, irin shagunan shayinsu. Ya turo min kofi, yana juya nasa.

"Na san abin da ka murɗa," ya ce. "Duk 'yan sulke haka kuke."

"To me ya hana ka faɗa?"

"In ce me? Ban gani da idona ba. Kuma a gaban baƙi in ce ogana ya yi ƙarya? Su ce haka sojan Najeriya suke?" Ya kurɓi shayi. "Abin da ya dame ni ba korar ba ce. An taɓa yi mana haka a gida, a bakin daga can wajen tafki. Ba allo ba ne ranar. Ina kira, ina ganin bayan motar tana tafiya. Ni na ɗauko gawarwakin yarana sojoji da hannuna. Jiya da na ji layin ya mutu, sai da na manta a ɗaki nake."

Ya ajiye kofin. Ya ce mu tashi kada ruwa ya tare mu.

Ranar Litinin da safe, kafin kwamiti ya zauna, na sami Manjo a ofishinsa. Na sara masa, na gaya masa na rufe layin da hannuna kuma na mayar kafin a duba. Ya dube ni, ya tambaya ko an tilasta ni in zo. Na ce a'a. Aka wanke Isiyaku. Ni aka bar ni na ƙarasa, amma aka rubuta abin a rahotona, ƙarin girmana ya yi jinkiri sosai. Ban ga an zalunce ni ba.

Ku da kuke shigowa aikin sulke yanzu, surutun da ke damun ku a kunne muryar mutumin da ba shi da ƙarfe a jikinsa ce. In ya yi yawa, to wani abu yake gani da ba ku gani.

Manjo bai ce in ba kowa haƙuri ba. Amma da aka dawo aji na nemi izini na miƙe a gaban kowa, na faɗa da Turanci don baƙi su ji, sannan na juya wajen Isiyaku na faɗa da Hausa.

"Saje, ka kira ni, ni na toshe kunnena. Na bar ka da mutanenka a fili, na kuma bar ka a ajin nan ana maka kallon maƙaryaci. Ba ni da hujja. Don Allah ka yafe min."