Goggo Dije, Wadda Ta Ji Tsoro A Muryata

Ranar kasuwar Gazawa ce, da hantsi, ina zaune a tsakar gida ina lalube ina tsince wake, sai na ji sallamar Adama, surukar Goggo Dije. Yanzu da murya nake gane mutane, kuma tun daga sallamar na san ba nono ta kawo ba. Ta durƙusa kusa da ni, ta ce, "Madam, sai haƙuri. Goggo ta cika jiya bayan azahar. An kai ta kafin rana ta faɗi." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, farantin waken ya zame daga cinyata. Ina jin kunyar abin da zan rubuta yanzu, amma marigayiyar ba ta son a rufe gaskiya: kafin baƙin ciki ya zo mini, tsoro ne ya riga shi. Na ji kamar an bar ni ni kaɗai a tsakiyar jeji.

Sunana Rabi, na daɗe ina koyarwa a lakol, makarantar boko, a nan Gazawa. Goggo Dije kuwa Bafulatana ce, makauniya, rugarsu tana tsakanin Agiye da Gazawa, da 'yar tafiya daga kwalta. Ba mu haɗa dangi ba. A mota muka haɗu shekara uku da suka wuce, muna dawowa daga Maradi, ranar da likita ya gaya mini ciwon sukari ya taɓa idanuna, na hagu ya riga ya yi nisa, na dama ma yana biye. Ina zaune a matse, takardar likita a hannuna, ba na kuka da sauti. Tsohuwar da ke gefena tana rungume da ƙaramin rediyo a cikin ƙyalle, wani mutum yana karanta labari a ciki. Sai ta rage murya, ta juyo gare ni.

"Ke mai numfashi sama-sama, mi likita ya ce miki?"

Ban san abin da ya sa na gaya mata ba. Da na gama, ba ta ce mini zan warke ba. Ta miƙo rediyon wajen kunnena. Na ture shi a hankali, na ce ni da idona nake karanta littafi, ba na son a karanta mini. Ta yi 'yar dariya ta ce, "To, ɗiyata, ki fara koyon ji tun kina gani. Ni sai da duhu ya rufe ni na fara, na sha wuya."

Goggo ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, Hausa ma da girmanta ta ƙware a kanta, wani lokaci sai ta ce mini "kai". Amma ban taɓa ganin wanda ya san karatun labari kamarta ba. Ɗanta Buba ne yake kai katin rediyon wajen masu cajin salula a kasuwa, a cika mata shi da littattafan Hausa da mutane suka karanta. In an gama tatsar shanu, sai matan ruga su kewaye ta, a saurara, sannan gardama ta tashi. Adama tana son wani mai karatu da ke sa kiɗa a bayan magana. Goggo ta ce kiɗan yana cinye mata kalmomi, ita kuma kowace kalma sai ta kama ta da kyau kafin ta juya ta zuwa Fulatanci a zuciyarta. Akwai wata mai karatu da ke fara shessheƙa tun abin tausayi bai zo ba. Goggo ta ce, "Wannan ta riga ni kuka. In ta yi nata ta yi nawa, ni mi zan yi?" Akwai namijin da ke matse murya in ya zo maganar mata, shi kam cewa take a cire shi, wai raina mata yake.

Wanda take girmamawa wani dattijo ne mai kaushin murya, ba ya kwaikwayon kowa, amma in ya zo wurin da abu ya yi nauyi sai ya yi shiru kaɗan. "A cikin shirun nan nake gani," in ji ta. Ta taɓa sa mini littafi guda da mutum biyu suka karanta. A bakin na farko na tsani uwar da ke cikin labarin, a bakin dattijon nan na tausaya mata, alhali ba a canza ko kalma ɗaya ba. Na koma gida ranar ina mamakin shekarun da na yi ina karanta wa yara a aji, ban taɓa tambayar kaina yadda muryata ke shiga kunnensu ba.

Sau ɗaya na ga ta firgita da karatu. An sa mata wani littafi da na'ura ce ta karanta shi ba mutum ba. Ta saurara kaɗan, sai na ga ta janye hannunta daga rediyon kamar ya ƙone ta. "Madam, wane ne wannan? Tun ɗazu yake magana bai ja numfashi ba." Na yi mata bayani. Ta ce a kashe, ba ta zama da mai maganar da ba ya numfashi. Sai daga baya ta yi dariya, don ta tuna wurin da ya kamata ya ce matafiya sun shiga gari, ya faɗe shi kamar garin tuwo suka faɗa.

Da muka saba, sai na riƙa hawa babur ɗin haya, kabu-kabu, ranar Asabar ina kai mata ziyara da littattafaina, da tabarau mai kauri, in karanta mata. Na ɗauka zan burge ta. Ta bar ni har na kai ƙarshen babi, sannan ta ce, "Hausarki tana da kyau. Amma gudu kike. Ba labarin nake ji ba, ke nake ji, kina tsoro kar idon ya ƙare littafi bai ƙare ba." Raina ya ɓaci, na yi mako biyu ban je ba. Gaskiya ta faɗa. A lokacin, kullum da safe sai na rufe ido ɗaya na dubi ƙofar ɗaki, in auna abin da ya ragu.

Abin da nake gudu ya same ni a gabanta, wata Asabar cikin damina. Buba ya tafi da shanu nesa da gonaki, Adama da sauran mata sun tafi tallar nono, daga ni sai ita a inuwar bukka. Ina cikin karanta labarin wata mata da guganta ya tsinke a rijiya, sai na ga wani jan abu ya ɗiga a kan takardar. Na goge, bai gogu ba. Ya bazu kamar an zuba tawada a ruwa, baƙaƙen zaruruwa suna yawo, layukan suka nutse. Idon dama ne, wanda nake taƙama da shi. Na ɗaga kai na nemi rana, sai wani jan haske kawai. Na ƙwalla ihu, na miƙe, na yi tuntuɓe da turmi na faɗi. Na lalubo salulata, na kasa ganin ko lamba ɗaya.

Hannunta ne ya kamo wuyan hannuna, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Zauna. Kira sunan Allah. Ki ja numfashi, ina ji." Na ce, "Goggo, na makance, na makance!" Ta ce, "Wataƙila. Likita ne zai faɗa, ba ni ba, ba ke ba. Tashi mu je kwalta."

Ta ɗauki sandarta, ta ɗora hannuna a kafaɗarta, muka shiga 'yar hanyar da ta ratsa gonakin gero. Geron ya fi mu tsawo, ganyensa yana yankar fuskata, kowane motsi a ƙasa sai in ce maciji ne. Sau biyu ina durƙushewa. Ita kuwa tana tafe tana cewa, nan akwai rami, nan za mu karkata dama, kin ji ƙafa ta bar yashi ta hau tsauri. Da ta ji haƙorana suna haɗuwa sai ta ce, "Matar nan da kika bari a bakin rijiya, ya ta ƙare?" Na ce ba zan iya ba, littafin ma na baro shi. Ta ce, "Sau nawa kika karanta shi? Faɗa mini." Na fara, muryata tana karkarwa. Ba na iya gudu, don kowace jimla sai na nemo ta, ƙafata kuma tana neman ƙasa. Haka muka yi ta tafiya har na ji ƙarar babbar mota ta wuce a gabanmu. Ta tsaya a bakin kwalta tana ɗaga sanda har wani direba ya tsaya, ta ba shi amanata ya kai ni ƙofar gida. Kafin ta sake ni ta ce a kunnena, "Yau na ji labari a bakinki." Sai da mota ta tashi na tuna ita kaɗai za ta koma cikin geron nan.

Jini ne ya zuba a cikin idon. Bayan watanni ya janye kaɗan, ina ganin inuwar mutum da hasken ƙofa, amma na ajiye alli. Na taɓa tambayarta yaushe tsoron ke barin mutum. Na so ta yi mini ƙarya, ta ƙi. "Ba ya tafiya, ɗiyata. Ni har yau in na buɗe ido da safe sai gabana ya faɗi, ina jiran gari ya waye. Sai in ji zakara, in ji ɗan maraƙi, in tashi in yi alwala." Wannan maganar ta tsorata ni ƙwarai, kuma ita ce nake riƙe da ita.

Tari ya kama Goggo a 'yan watannin nan, ni kuma maigidana ya hana ni hawa kabu-kabu. Sai na riƙa faɗar labarai da ka, ana ɗauka a kati, Adama tana kai mata. Ban je na gaishe ta ba, wannan yana ci mini rai. Adama ta ce kwana biyu kafin rasuwar, Goggo ta saurari na ƙarshe har ya ƙare, ta ce, "Ki gaya wa Madam ya yi. Amma wajen ƙarshe ta sake yin sauri."

Mako mai zuwa za a yi mini aiki a idon dama a Maradi. Likita bai yi mini alƙawarin komai ba. Na so in je ruga kafin ranar, in zauna kusa da ita ko ba ta ce komai ba. Wannan ma 'yata ce ke rubutawa ina faɗa.

Ya Allah, ga baiwarKa Dije ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka cika shi da haske, Ka mayar mata da ganinta a Aljanna Firdausi. Ka sa haƙurin da ta yi ya zama nauyi a mizaninta. Ka ba Buba da Adama da jikokinta da duk mutanen ruga juriyar rashinta, Ka tsare su, Ka albarkaci dabbobinsu. Mu da muka rage, masu gani da marasa gani, Ka kwantar mana da zuciya, Ka sa mu cika da imani. Amin.