Baturen Lurwanu Mai Maganin Bindiga

Lurwanu maƙwabcina ne a unguwar Ƙurban ta Madina. Mutumin Jos ne. Ya zo Madina yana tuƙa motar alhazai tsakanin filin jirgi da Bi'ir Ali, inda ake ɗaura harami, da ƙarfi ya ja baya sai ya koma sayar da harami a shagon surukinsa. Bai iya zama ba. Ko shayi a tsaye yake sha.

Abin da ya hana shi sakat wani fim ne na Ingila, marar kala, da ya gani yana saurayi a wata silima marar rufi. Lokacin yaƙin Hitila ne, an tura wani ɗan leƙen asiri ƙasar abokan gaba ya sato taswira. A tsakiyar fim aka harbe shi a tashar jirgin ƙasa, ya faɗi warwas. Da aka canja faifai sai ga shi garau, yana sauri cikin hazo zai tsallaka iyaka. Silima ta kaure da sowa: Bature ya sha maganin bindiga! Nan ruwan sama ya kece, aka watse. Tun ranar Lurwanu bai san ko mutumin ya tsallaka ba.

Bara likita ya ce hawan jinin ido ya cinye masa na hagu, na dama ma yana kan hanya. Sai ga shi a ƙofata.

"Malam, kai da ka yi makarantar mishan, nemo mini fim ɗin nan a jawwal, wayar nan taka, kafin fitilar ta mutu."

"Yaya sunan fim ɗin?"

"Mai Maganin Bindiga."

"Na Turancin nake nufi."

"Wa ya damu da na Turanci? Haka duk Jos ke kiransa."

Gaskiyarsa. A zamaninmu 'yan kallo ke raɗa wa fim suna, na jikin allo kuwa ko kallo bai ishe mu ba.

Muka yi ta nema a gidansa bayan la'asar. Ina rubuta abin da ya tuna, tasha, hazo, taswira a cikin hula, shi kuwa yana kai da kawowa a bayana. Ya ƙi wannan, ya ƙi wancan. Matarsa Raliya ta kawo gahawa ta ce, "Halas, ya isa haka, Alhaji! Mutane na roƙon cikawa da imani a garin Manzo, kai kana neman Bature."

"Hajiya, kowa da bikin zuciyarsa."

Wata Juma'a muka same shi. Ya kanga wayar dab da idon dama, ya ce, "Shi ne, wallahi! Ga hular!" A karo na farko na ga ya zauna.

Hazon ya zo da wuri. Mutumin ya tsallaka iyaka, ya miƙa taswirar ga mutanensa, sannan ya koma don ya fito da matar da ta ɓoye shi. A tasha suka cim masa. Ya faɗi, bai tashi ba, rubutu ya hau allo.

Lurwanu ya juyo. "Ina sauran?"

"Babu saura, Alhaji. Mai haska fim na Jos ne ya sa faifan ƙarshe a tsakiya. Ka riga ka ga ƙarshen tun kana saurayi."

"To maganin fa?"

"Babu magani."

Ya miƙe, ya je taga, ya dawo, ya sake komawa. 

"Amma ya tsallaka," in ji shi.

"Ya tsallaka."

"To mayar da shi irin na Jos. Fara da tashar, sannan hazon."

Na ja hoton baya da yatsa. Baturen ya faɗi, ya tashi, ya nufi iyaka. Lurwanu na tsaye, wayar a jikin idonsa, yana cewa, "Yalla, yi sauri, ruwa na zuwa."