Ranar da Motata Ta Kulle Mma a Ciki

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa, amma ranar da na je ɗauko mahaifiyata daga aikin hajji tana nan a raina daram, kuma na san da ita za a binne ni.

A shekarar nan, albasa ta yi mini riba a kasuwar Agbogbloshie, sai kaina ya kumbura. Na je na sayi wata baƙar motar Jamus, irin wadda Bature ya hau ya ƙoshi kafin a turo mana. Kujerun fata, sanyi kamar firji, ko ƙofa ka rufe sai ka ji ta yi wani sauti na masu hali. Mai sayarwa ya ce wata tsohuwa ce ta riƙe ta, coci kawai take zuwa da ita. Na yarda, don ina son in yarda.

Matsala ta farko, lungunmu na Maamobi ba ya cin mota. A bakin titi nake ajiye ta, in taka zuwa gida ina tsallake kwata kamar kowa. Ta biyu, ba ta shan kowane mai, ba ta kuma yarda da kowane makanike. Wata fitila za ta kama a gabanka, sai an kira mai kwamfuta ya tambaye ta abin da ke damunta. Cikin wata huɗu masu kayan gyara a Abossey Okai sun san ni sosai, har suna tambayata lafiyar iyali. Matata ta roƙi a gyara rufin ɗaki kafin damina, na ce ta yi haƙuri, motar na jiran wani ƙarfe daga waje.

Yayana direban trotro ne, wato motar haya, tsohuwar bas wadda da igiya ake ɗaure ƙofarta. Da jirgin alhazai ya kusa sauka ya ce, “Bari in je da bas, ta ɗebe Mma da kaya da 'yan tarba gaba ɗaya.”

Na ce, “Haba Yaya! Sabuwar Hajiya a trotro? Me mutanen unguwa za su ce?”

Duk da haka ya tayar da bas ɗinsa. Ya biyo ni a baya da sauran dangi.

Daga filin jirgi komai lafiya. Mma na baya cikin fararen kaya tana jan carbi, ni kuma ina tuƙi a hankali don kowa ya gani. Muna shiga babban titin Nima, rana tsaka, jama'a cike, sai motar ta yi tari biyu ta mutu. Na fita in buɗe wajen injin, ko da yake ban san abin da zan duba ba. Ina tura ƙofa na ji ƙwas! Ta kulle kanta, makulli a ciki, Mma a ciki.

Na ja, ba ta buɗu ba. Na yi wa Mma nuni ta ja daga ciki, ta ja, shiru. Gilasai a rufe, sanyi ya ɗauke. Mma tana da hawan jini, ga gajiyar tafiya. Ina kallo gumi ya fara jiƙa mata mayafi, tana fifita da hannu, tana ƙoƙarin yi mini murmushi don kada hankalina ya tashi.

Masu talla suka taru. Wata mai sayar da wake da shinkafa ta ce, “Masta, fasa gilashin mana!”

A nan ne abin da nake jin kunyarsa ya faru. Na tsaya. Na san yadda gilashin motar nan yake da tsada, na san sai an yi oda. Na zaro waya ina neman lambar mai kwamfuta, ina cewa, “Ku dakata, yanzu zai zo.” Mutumin da ko da babur sai ya yi awa guda.

Yayana ya zo ya leƙa cikin motar. Ya koma bas ɗinsa, ya ɗauko sifana, ya daki gilashin ƙofar gaba sau ɗaya. Shi da wani mahauci suka share tarkacen, suka shimfiɗa darduma, suka fito da Mma ta taga. Sabuwar Hajiyar da na ƙi a gani cikin trotro, ga ta ana zaro ta kamar buhun albasa a gaban Nima duka.

Ta zauna a benci, ta sha ruwa, ta huta. Sannan ta dube ni ta ce, “Ɗana, na yi Safa da Marwa da ƙafafuna, ban sha wahalar da na sha a motarka ba. Allah ya yi maka albarka.” Ta kama hannun yayana ta hau bas. Suka tafi ana kabbara, suka bar ni ina gadin mota.

Ba ta taɓa tayar da maganar ba har ta rasu. Ban sani ba ko ta ga lokacin da na tsaya ina lalubar waya. Ina jin ta gani.

Na sayar da motar kafin watan ya ƙare. Na gane cewa duk abin da zai sa in tsaya tunani, ko na daƙiƙa ɗaya, tsakaninsa da numfashin uwata, ba ni na mallake shi ba, shi ya mallake ni.