Ihsani a Takalmin Nutso

Ni mai sayar da dardumar salla ne a kusa da Harami, kuma ruwan da na sani bai wuce na alwala da na shayi ba. Yayan matata ne ya ja ni Yanbu, wai mu yi nutso a teku. Haifaffen unguwar Ƙuba ne, ka yi masa Hausa ya amsa da Larabci, kuma tun ranar ɗaurin aurena yake neman abin da zai tsokane ni da shi.

Muka ɗauki mai jagora namu na kanmu, wani Bahaushen Sudan mai sanyin magana. Ya ɗaura mana tukunyar iska, muka faɗa.

Wayyo Allah! Wani kifi mai faɗin faranti ya zo ya tsaya yana kallona ido cikin ido. Ban san lokacin da na rungume ƙafar mai jagora ba. Haka bawan Allahn nan ya yi ta jana a ƙarƙashin ruwa, Yaya yana can gaba yana ɗaukar hoto, bai ga komai ba. Da muka hau jirgi Yaya ya tambaye shi ya na yi, sai ya ce, "Alhaji? Ai ko kaɗan bai yi nisa da ni ba."

Wallahi na ji ƙaunar mutumin nan har cikin raina.

To, mu a wajenmu ba a miƙa ihsani a bainar jama'a. Ninke kuɗin ake yi, a saka wa mutum a tafin hannu wajen musabaha, ko a zura masa a aljihu. Na ninke riyal ɗari biyu. Hannun mai jagora kullum riƙe da tukunya. Rigar robar nan ta nutso kuwa, wanda ya ɗinka ta bai san mutunci ba, ko aljihu ɗaya babu! Ga shi in Yaya ya ga yawan kuɗin, sai ya tambayi dalili. Na hango takalman nutso a jere, na cusa kuɗin a wanda na ɗauka na mai jagora ne.

Na Yaya ne.

Wajen mayar da kayan haya ya zazzage takalmi, kuɗi suka faɗo. Ya ɗaga su sama yana murna, wai teku ta biya shi, yau shi zai sayi gasasshen kifi. Mai jagora ya taya shi dariya, ya ci gaba da wanke kaya, ba a ba shi ko sisi ba.

Raina ya ɓaci. In na yi shiru, mutumin da ya rufa mini asiri ya tafi hannu wofi.

Na ce, "Yaya, nasa ne. Ni na saka."

"Ɗari biyu? Lesh? Don me?"

Na faɗa masa komai, har da ƙafar. Ya yi dariya har ya zauna dirshan a kan yashi, ya ciro waya ya kira ƙanwarsa, wato matata.

Mai jagora ya ƙi karɓa sau biyu, a na uku ya karɓa. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Alhaji, ai da ka bari. Wanda na kai nutso jiya wuyana ya shaƙe, kuma har yau matarsa ba ta sani ba."