Ƙahon Ummaru wanzami

Duk yaron da aka haifa a unguwarsu a Matameye cikin shekara talatin ɗin nan, da wuya a ce ba askar Ummaru ce ta sauke masa gashin suna ba. Wanzanci gadonsa ne. Ranar kasuwa yakan ɗauki zabira ya nufi Kance ko Dungu, ya yi aski, ya kafa wa masu ciwon baya ƙaho. Idan jini ya taru baƙi ƙirin ya daskare a cikin ƙahon, sai ya juye shi ya nuna wa mai shi, ya ce, "Ga mataccen jinin nan ya fita."

Matarsa Shekara ta haifi ɗansu na shida da damina. Kwana tara da haihuwa, ƙafarta ta hagu ta kumbura, ta yi zafi kamar an gasa.

"Maigida, ko takawa ba na iya yi," in ji ta.

"Jini ne ya kwanta. Bari in janye miki shi."

Ya murza ƙafar da man shanu, ya yi tsaga, ya kafa ƙaho biyu. Ta ce ta ji sauƙi, har ta yi masa dariya. Washegari da hantsi tana shan kunun kanwa, sai ta dafe ƙirji, numfashi ya gagara. Daga asibitin gari aka wuce da ita Damagaram. Ba ta kai la'asar ba.

Bayan sadakar bakwai Ummaru ya koma Damagaram shi kaɗai, ya nemi likitar da ta karɓe ta, Dakta Hanifa. Ta ba shi kujera.

"Baba, gudan jini ne ya daskare a jijiyar ƙafarta, ya ɓalle ya toshe huhu."

"Na san daskararren jini, 'yata. Amma a cikin mai rai?"

"Yana faruwa. Jiki yana da sinadarinsa mai narkar da guda, sai dai ba ya tashi aiki da kansa. A fuskar ƙwayoyin halittar da suka lulluɓe cikin jijiya akwai wasu ƙananan abubuwa, furotin ake ce musu, da ke kama sinadarin su zaburar da shi. Akwai kuma masu taka masa birki. Lokacin ciki da jego birkin yakan yi ƙarfi, don kada mace ta zubar da jini ta ƙare. A wajen matarka gudan ya fi ƙarfin mai narkarwa."

Ummaru ya kalli hannuwansa.

"Murzar da na yi ce ta ɓalle shi?"

"Mai yiwuwa ne. Yana kuma ɓallewa ba wanda ya taɓa. Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba, ban sani ba."

Da wannan amsar ya hau mota ya dawo gida.

Ƙanwarsa Mairama ta ɗauki jaririn ta raine shi a Yauri. Ummaru bai bar sana'a ba, don akwai bakuna biyar a gida. Sai dai surutunsa ya ragu, ya daina zolayar da aka san shi da ita. Bara wani manomi ya zo da ƙafa ɗaya a kumbure yana roƙon ƙaho. Ummaru ya hana shi, ya tare mai babur, ya raka shi asibiti da kansa. Mutumin ya warke, har ya aiko masa da rake.

Bai sake aure ba. Idan aka yi masa zancen, sai ya ce tukuna.