Ɗakin Idirisu Magini Bai Samu Rufi Ba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Idirisu magini ya rasu ranar Lahadi, sha biyu ga watan Safar. Malama Mashkura, maƙwabciyata da take rubuta mini wannan, ta ce a lissafin boko shida ga Mayu ne, shekara ta dubu biyu da ɗaya. Ya je kududdufi ɗibar ƙasa da hantsi, ya ce da abokan aikinsa ƙirjinsa na ciwo, ya zauna a gindin tsamiya. Bai tashi ba.

Idirisu, ni ce Safara'u, wadda kake ce wa Dada. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Na ce Malama ta rubuta yadda na faɗa, a kai wa liman ya karanta wa 'yan gayyarka.

Idirisu, har yau ban yi kuka ba. Mata suna ta yi, ni ina zaune ina kallon bakinsu. An ba ni kunu na sha, ban san ko da tsami ko babu ba.

Shekarar da aka ba mu jiha na san ka. Ma'aikata suka cika Dutse, wasu a ofis suke kwana, wasu kullum su zo daga Kano su koma. Ɗaki ya yi tsada. Ina haya a Limawa tun rasuwar maigidana, sai mai gidan ya ce wani ma'aikaci ya taya ɗakin, in nemi wuri. Ba ni da ɗa a raye. Na kwashe tukwanena na koma zauren wata baiwar Allah, ni da tumakinta.

Lokacin ina kai fura wurin da kuke gina wa ma'aikata gidajen siminti. Ka ga ƙaiƙayi a ɗankwalina ka ce, “Dada, a rumbu kike kwana?” Na ce a'a, da tumaki. Ka yi dariya, sai ka daina.

Kai ma haya kake. Kana gina gidan da ba za ka taɓa kwana a ciki ba, haka leburorinka, haka masu ga-ruwa. Sai ka tara su a gonar da ka gada a bayan duwatsu, ka yanka wa kowa ɗan wuri a gaban mai unguwa, a kan abin da zai iya biya. Ka ce siminti ya fi ƙarfinku, amma ƙasa da hannu ba su fi ba. Duk Alhamis ɗin rani za a yi gayya, a kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a gina wa mutum ɗaya ɗaki, in an rufe a koma kan wani. Da karan dawa kuke ƙuri'a. Wanda ya zari guntu, nasa za a yi.

Na ce ni me zan iya, tubali ɗaya ma ba na ɗagawa. Ka ce, “Mun naɗa ki sarkin awaki. Duk akuyar da ta taka mana ɗanyen tubali, ke za mu ci tara.” Ka yanko mini tsumagiya. Rannan gyangyaɗi ya ɗauke ni, wata jar akuya ta bi ta kan tubali ta bar sawu. Ka ɗaga shi kana nuna wa mutane, kana cewa ga shaidar aikin sarki.

A rani na biyu guntun kara ya faɗo hannunka. Aka gina ɗaki a wurinka, aka jera azara, aka yi rufi, aka sa indararo. Ranar da ya kamata iyalinka su tare, sai ga ka da kura, ka ɗora tukwanena. Na ce Kaltumi fa, matarka? Ka ce ita ta ce a fara da ni. Da na shiga, na ga tubalin nan mai sawun akuya a saman ƙofa daga ciki, ka bar shi ba yaɓe. Yana nan. Shi nake kallo in na kwanta.

Daga nan duk sanda kara ya sake faɗo maka, sai wani ya zo da larura. Mammadu mai ga-ruwa an watso masa kaya waje. Bubayero shanunsa sun ƙare, ya shigo gari da 'ya'ya ba wurin kwana. Ka yi ta cewa a yi nasu, naka ba ya gudu. Yanzu wurin ya zama unguwa, har da masallaci da mai shayi. Kai kuwa kana Limawa, ɗaki ɗaya, kai da Kaltumi da yara huɗu. Kuma ba damina da ta taɓa sauka ba ka hau rufina ka toshe tsaga ba.

Bana suka rantse ba za a yi ƙuri'a ba, naka za a yi. Bango ya kai saman ƙofa, a jikin nawa. Azara tana jingine. Rufi kawai ya rage.

To ga abin da yake hana ni barci. Kowa wurinsa nasa ne, mai unguwa shaida. Ni ɗakina a cikin naka yake. Ƙaninka Sharhabilu ya zo daga Ringim zaman makoki, ya gaishe ni da ladabi, bai faɗi magana marar daɗi ba. Na dai ga ya zaga filin yana auna shi da ƙafa. An ce za a raba gado a gaban alƙali. Ni ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba. An kuma ce mai gidan hayarku ya ce in Kaltumi ta fita takaba yana son ɗakinsa. Ɗakin da yake da rufi a filinka ɗaya ne, ni ce a ciki. Na ji malamai a wa'azi suna faɗin abin da yake jiran mai cin haƙƙin maraya. Ina tsoron zaure, ina tsoron wuta.

Sai na ɗaure kayana a zani na ajiye a bakin ƙofa. Labari ya kai wa Kaltumi. Ba ta iya fitowa, ta aiko yayarta ta ce mini, “Ta ce ki kwance kayan nan, Dada. Wai in kin tafi wa zai kori awaki?” Ban kwance ba, ban kuma tafi ba.

Shekaranjiya hadari ya haɗu ta gabas, ya watse. Ku magina kun sani, bangon ƙasa marar rufi ba ya ganin ƙarshen damina. In ya narke, marayu ba su da ɗaki sai nawa, kuma zan ba su. In an rufe shi, kowa ya kwana. Na tattara tsofaffin tabarmi da zana na rufe kan bangon iya inda hannuna ya kai. Bai kai ko'ina ba.

Mammadu, Bubayero, da duk wanda yake kwana ƙarƙashin azarar da Idirisu ya jera: ba ni da abin ba ku sai fura. Alhamis tana zuwa.

Allah ya jiƙanka, Idirisu. Allah ya yafe maka, ya yalwata maka kabari, ya sanyaya shi, ya ba ka gida a Aljanna wanda ba za a ce ka tashi ba. Kaltumi, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya miki yaran nan, ya sa su yi halin ubansu. Malam Sharhabilu da 'yan'uwa na Ringim, ina yi muku ta'aziyya, Allah ya ba ku dangana. Mu kuma Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Ragowar tubalinka yana nan a shanye. Ina zaune kusa da shi da tsumagiyata, ba wadda ta taka.